Tsohuwar Kwamfutar Tebur Ta Fara Ciwo: Yadda Ake Gano Matsalar, da Yadda Ake Sanin Gyara Ya Fi ko Canji

Yawancin kwamfutocin tebur da ke aiki a shagunan buga takardu, kafe-kafe, makarantu da ofisoshin Kano ba sababbi aka sayo su ba. Dell OptiPlex ne, ko HP Compaq da EliteDesk, ko Lenovo ThinkCentre, waɗanda suka gama aikin ofis a Turai da Amurka aka lodo su a kwantena. Ƙirarsu mai ƙwari ce, shi ya sa za ka tarar da wadda aka ƙera tun 2012 har yau tana buga takardu daga safe zuwa magariba. Abin da ya fi kayar da su a garin nan abu uku ne: ƙura, wutar da ba ta tsayawa wuri ɗaya, da had-dis, wato faifan da ke ajiye bayanai, da ya gaji. Duka ukun ana iya gano su a kan tebur, kafin a kai ga ɗaukar akwatin a Adaidaita Sahu zuwa Beirut Road ko Farm Centre.

Ƙa'idar aikin ɗaya ce: ka taɓa abu ɗaya, ka kunna, ka ga abin da ya canja, sannan ka wuce na gaba. Wanda ya canja ram, wato ma'ajin wucin gadi da kwamfuta ke aiki da shi, da batir da waya a lokaci guda, ko kwamfutar ta tashi bai san abin da ya tashe ta ba, kuma ya biya kuɗin abu uku alhali ɗaya ne ya lalace.

Kayan aiki, da abin da za ka yi kafin ka buɗe murfi

Ka tanadi sukudireba mai bakin kuros, ƙaramin buroshin fenti busasshe, bulowa, kilina irin ta 'yan makaranta, sabon batir ƙirar CR2032, man furosesa (man da ke taimaka wa furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfuta, fitar da zafi), sifirit da ƙyalle mai tsabta, da filash mai aƙalla 8GB. In kana da mitar auna wuta, ta ƙara kyau.

Idan kwamfutar tana shiga Windows har yanzu, ko da da ƙyar ne, to aikin farko shi ne kwashe kayanka. Takardun kwastomomi, hotuna, sakamakon ɗalibai, lissafin shago, duk ka kwafe su zuwa wani wuri yau ɗin nan. Had-dis mai ciwo kowane kunnawa yana rage masa kwana, kuma gwaje-gwajen da za mu yi suna wahalar da shi.

Sannan ka kashe ta, ka zare wayar wuta daga baya, ka danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 15 don sauran wutar da ta maƙale a ciki ta fita. Kafin ka taɓa komai a ciki, ka dafa ƙarfen akwatin. Da hunturu wannan ya zama dole, domin bushewar iska tana tara wa jikin mutum irin wutar nan da ke ɗan tartsatsi idan an cire rigar sanyi, kuma ita kaɗai ta isa ta kashe ram. Fawa-fak kuwa, wato akwatin ƙarfen da wayar wuta ke shiga, kada ka kwance shi. Kafasitocin cikinsa suna riƙe wuta mai kisa bayan an zare shi. Ana gwada shi daga waje, ana canja shi ɗungurungum.

Idan ko motsi ba ta yi

Ba fitila, ba ƙarar fanka. Fara daga bango. Jona fitila ko cajar waya a soket ɗin ka tabbatar akwai wuta. Cire ekstanshan daga lissafi, ka jona kai tsaye, domin ekstanshan mai araha yana narkewa ta ciki ba tare da an gani ba. Canja wayar wuta da ta monita, tunda yawanci iri ɗaya ce, kuma ka tuna filogi mai baki uku yana da fiyus a cikinsa wanda kan ƙone. In akwai UPS a tsakani, wato akwatin da ke riƙe wa kwamfuta wuta idan an ɗauke, cire shi ma: batirinsa mai 12V 7Ah ba ya wuce shekara biyu zuwa uku, a zafin Kano ma wani bai kaiwa, kuma idan ya mutu wasu UPS ɗin ba sa barin wuta ta wuce gaba ɗaya.

Duba bayan fawa-fak. Wasu suna da makunni nasu, wasu tsofaffi kuma suna da wani ɗan jan maɓalli mai zamewa da aka rubuta 115 da 230. Wutarmu 230 ce. Kwamfutar da ta zo daga Amurka tana iya zuwa a kan 115, kuma idan aka jona ta haka, ƙara ɗaya za a ji da warin ƙuna, fawa-fak ya tafi. Duk kwamfutar da ta shigo hannunka, wannan maɓallin za ka fara dubawa.

Yanzu gwajin fawa-fak ɗin kansa. A irin na gama-gari mai babban soket mai ramuka 24, zare duk wayoyinsa daga madabod, wato babban faifan da komai ke jone a kansa, da had-dis. A cikin wayoyin babban soket ɗin akwai koriya guda ɗaya tak. Lanƙwasa kilif ɗin takarda, ka sa baki ɗaya a ramin koriyar, ɗayan a ramin kowace baƙa, sannan ka jona wuta. Idan fankarsa ta juya, yana da rai. Amma rai ba lafiya ba ne, don haka sa mita: baƙin tsinke a baƙar waya, jan tsinke a wadda kake aunawa. Rawaya ta ba da tsakanin 11.4 da 12.6, ja tsakanin 4.75 da 5.25, mai ruwan lemo wajen 3.3. Wadda ta fita daga wannan iyaka, fawa-fak ɗin ya gaji, kuma shi ne irin wanda ke sa kwamfuta ta riƙa mutuwa da kanta tana sake tashi.

Wannan dabarar ba ta aiki a kan dukkan kwamfutocin kamfani. Dell daga jerin OptiPlex 3020, 7020 da 9020 ya koma soket mai ramuka 8, HP kuma yana da nasa mai ramuka 6. Kada ka cusa kilif a cikinsu da ka. Da yawa daga fawa-fak ɗin Dell suna da ɗan maɓallin gwaji da fitila a baya: ka danna, in fitilar ta kama kore kuma fanka ta juya, lafiya lau. Idan za ka sayi wani, ka tafi da tsohon a hannu, domin siffa da soket sai sun dace, musamman a siririn akwati.

Fawa-fak lafiya amma har yanzu shiru? Haska tocila a kan madabod. Nemi kafasitoci, waɗannan ƙananan gwangwanayen da ke tsaye kusa da furosesa. Kansu ya kamata ya zama a shafe. Wanda ya kumbura ko ya fitar da wani abu mai launin tsatsa ya mutu. Mai gyaran da ya iya soda zai iya canja su, amma a kan madabod mai shekara goma sha, wasu za su biyo baya.

Akwai kuma masu cewa akwatin yana jan su idan sun taɓa. Wannan yawanci daga wayarin ɗin ginin ne, ba a haɗa wayar at, wato wadda ke kai wuta ƙasa, ba. Aikin mai gyaran wuta ne, kuma bai kamata a bar shi ba.

Fanka na juyawa, allo baƙi

A nan aka fi cin kuɗin mutane, alhali sau da yawa gyaran bai wuce minti goma ba.

Da farko ka tabbatar da monita: tana kamawa? Wayar VGA ta zauna, an ɗaure sukurorinta, babu tsinken da ya lanƙwashe? In akwai katin hoto daban a ƙasan akwatin, a jikinsa ake jona monita, domin ramin sama na madabod yakan daina aiki muddin katin yana ciki.

Sai ram. Buɗe 'yan maƙallan da ke gefe, ka zaro duka. Riƙe kowane ta gefuna, ka goge haƙoran nan masu ruwan zinare da kilina, gaba da baya, har su yi haske, ka kakkaɓe garin kilinar da buroshi. Share ramin shi ma. Mayar da guda ɗaya kawai, ka danna da yatsu biyu har maƙallan su rufe da kansu, ka kunna. Bai tashi ba? Gwada shi a wani ramin. Har yanzu? Ɗauko ɗayan. Da haka za ka gane ko sandar ram ce ta mutu, ko rami ne, ko kuwa ƙura ce kawai ta shiga tsakani. Ƙurar hunturu laushi gare ta kamar garin fulawa, kuma idan damina ta zo ta sha laima sai ta daskare a kan haƙoran.

Saurari kukan da take yi lokacin tashi. A tsofaffin HP Compaq na ofis, ƙara huɗu tare da jar fitila na nufin matsalar wuta, biyar ram, shida ɓangaren hoto. Dell kuma da ƙiftawar fitilar maɓallin kunnawa yake magana, kuma ma'anar ta bambanta daga ƙira zuwa ƙira, sai ka ƙirga ƙiftawar ka duba littafin wannan ƙirar a intanet. Wata dabara mai amfani: cire ram duka ka kunna. Madabod mai rai zai yi kuka ko ya ƙifta fitila yana neman ram. Wanda ya yi tsit, alamar ba ta da kyau.

Daga nan sai batir. A kan madabod akwai wani farin batir mai kama da kwabo, shi ne CR2032, mai 3V. Shi ke riƙe agogo da saitin BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, idan an ɗauke wuta. Cire shi, ka jira minti biyar, ka sa sabo, gefen da ke da alamar + yana sama. Batirin nan ƙarami ne amma ɓarnarsa da yawa. Idan ya mutu, kwanan wata yana komawa baya da shekaru, sai burauza ta ƙi buɗe shafuka tana cewa haɗin ba shi da tsaro, mutum ya yi ta zargin data ko mai ba shi intanet. Haka kuma saitin had-dis a BIOS yakan koma na asali, daga AHCI zuwa RAID ko IDE, sai Windows ya fito da shuɗin allo ya ƙi shiga. Kafin ka yarda a yi maka fomatin, shiga BIOS, F2 a Dell, F10 a HP, F1 a Lenovo, ka gyara kwanan wata, ka gwada mayar da wannan saitin.

Tana nuna tambarin kamfani amma ba ta shiga Windows

Idan ta rubuta "No bootable device" ko makamancinsa, shiga BIOS ka duba ko tana ganin had-dis. In ba ta gani, canja wayar SATA, siririyar nan ja ko shuɗiya, ka gwada wani ramin a madabod, ka tabbatar wayar wutarsa ta zauna. Cire duk filash da firinta da ke jiki, domin wani lokaci ƙoƙarin tashi take daga filash.

Kara kunnenka a jikin had-dis ɗin. Lafiyayye yana wani siririn gurnani ne mai ɗorewa. Wanda ke ƙas-ƙas-ƙas yana maimaitawa, ko yake tashi ya tsaya ya sake tashi, allurarsa ce ta kasa karatu. Kashe nan take. Kada ka yi ta kunnawa kana fatan sa'a, kada kuma ka buga shi ko ka buɗe shi. In akwai abu mai muhimmanci a ciki, a jona shi a wata kwamfutar a matsayin na biyu a gwada kwashe abin da zai kwasu, a fara da mafi muhimmanci.

Tana aiki amma nauyi kamar an ɗaura mata dutse

Wannan ne ciwon da ya fi yawa, kuma shi ne wanda fomatin ba ya warkarwa sai na 'yan makonni.

Danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Shiga shafin Performance, ka buɗe abubuwan da ka saba aiki da su, ka zuba ido a kan layuka uku. Idan Disk ya maƙale a 100% alhali furosesa tana hutawa, had-dis ne ya riƙe aikin. Idan Memory ya haura 85% da ka buɗe shafuka biyar a Chrome, ram ya yi kaɗan. Idan CPU ce kullum a sama, ko dai wata manhaja ce ke cinye ta a ɓoye, ko zafi ne, ko kuma aikin ya fi ƙarfinta.

Sauke CrystalDiskInfo, kyauta ce. Za ta nuna lafiyar had-dis da launi: shuɗi lafiya, rawaya gargaɗi, ja ya gama. Duba layukan da ke da lambar 05, C5 da C6. Su ne ke ƙirga wuraren da suka lalace a kan faifan, kuma da zarar sun fara hawa, alama ce faifan ya fara gajiya. A sama kuma akwai adadin awannin da ya yi yana aiki. Shekara ɗaya awa 8,760 ce, don haka mai awa 35,000 ya yi shekara huɗu cur yana juyawa ba tsayawa. Ko shuɗi ya nuna, irin wannan ba wurin ajiye abin da ba ka da kwafinsa ba ne.

Don gwada ram, rubuta mdsched a wurin bincike na Windows ka bar ta ta sake tashi, ko ka sa MemTest86 a filash ka bar shi ya zagaya aƙalla sau biyu. Kuskure ko guda ɗaya ne, akwai sandar da ta lalace. Ita ce ke kawo shuɗin allo jefi-jefi da lalacewar fayil ba dalili.

Sai zafi. Sa HWMonitor ko Core Temp. Furosesar da ba ta aikin komai ta zauna tsakanin digiri 35 da 50, a cikin aiki kuma kada ta riƙa wuce 80. Idan ta doshi 100, da kanta take rage gudu don ta tsira, in abin ya ci tura ta kashe kwamfutar. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin gari ke haura digiri 40, shagon da ke da rufin kwano ba fanka yana ƙara mata wuta a kan wuta. Idan kwamfutarka da rana tsaka kawai take mutuwa, ka riga ka san inda za ka duba.

Fitar da akwatin waje. Riƙe kowace fanka da yatsa ko tsinke kafin ka hura bulowa, domin iska mai ƙarfi tana juya ta fiye da ƙima ta lalata mata boris. Hura ta cikin haƙarƙarin ƙarfen sanyaya da ke kan furosesa, nan ne ƙura ke yin tabarma. Hura fawa-fak ta ramukansa. Kada ruwa ya kusanci komai. Sannan kwance ƙarfen sanyayar, kana sassauta sukurori huɗun kaɗan-kaɗan a gicciye. Za ka tarar tsohon man ya bushe kamar busasshen tuwo. Goge shi tas da sifirit daga fuskokin biyu, ka jira ya bushe, ka ɗiga sabo a tsakiya gwargwadon ƙwayar wake ɗaya. Ba a shafe shi da yatsa, matsewar ƙarfen ce ke baza shi. Kada ka ɗaga furosesar daga mazauninta in ba dole, tsinkayen ƙarƙashinta sun fi gashi laushi, kuma guda ɗaya ya lanƙwashe madabod ya shiga uku. Ka tuna mayar da wayar fanka. Man goge baki ko giris ba sa maye gurbin man furosesa, ko wa ya faɗa maka.

Sharar nan a yi ta sau biyu a shekara, ɗaya a tsakiyar hunturu, ɗaya a ƙarshen Fabrairu kafin zafi ya kankama. A ɗaga akwatin daga ƙasa, a bar masa tazarar taki ɗaya daga bango, a lulluɓe shi idan an tashi, amma ba yana aiki ba.

Ta ɓangaren manhaja, a shafin Startup na Task Manager ka kashe duk abin da ba ka buƙatar ya tashi tare da Windows. Kada ka tara manhajar kashe bairos biyu, junansu suke yaƙa. A shagon da filash ɗin mutane ke shiga da fita, bairos ɗin nan mai mayar da fayiloli gajerun hanyoyi ba ya ƙarewa, don haka a bar Windows Security a kunne yana sabuntawa, a kuma bincike kowane filash kafin a buɗe.

Gyara, ƙarin ƙarfi, ko canji

Kafin ka fitar da ko naira ɗaya, ka san furosesarka. Rubuta msinfo32 a wurin bincike, ko ka duba a BIOS. A Intel Core mai lambobi huɗu, lambar farko bayan ɗan layin ita ce zuriya: i5-2400 ta biyu ce, ta 2011, i5-3470 ta uku, 2012, i5-4570 ta huɗu, 2013, i5-6500 ta shida, 2015, i5-8500 ta takwas, 2018. Kada sunan i7 ya ruɗe ka a kasuwa. i5 ta zuriya ta takwas tana da ƙwaƙwalwa shida, ta fi i7 ta zuriya ta uku mai huɗu nesa ba kusa ba.

Wannan lambar tana da nauyi saboda Windows. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 a Janairun 2020, Chrome ma ya tsaya a kansa tun sigar 109. Windows 10 kuma tallafinsa na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 a hukumance yana son Intel zuriya ta takwas zuwa sama, ko AMD Ryzen 2000 zuwa sama, da na'urar tsaro ta TPM 2.0, da aƙalla ram 4GB da ma'aji 64GB. Ana iya tsallake sharuɗɗan da manhajar Rufus, masu gyara suna yi kullum, sai dai kamfanin bai ɗauki alkawarin ci gaba da turo wa irin wannan kwamfutar sabuntawa ba.

Idan Pentium 4 ce, ko Core 2 Duo mai ram ƙirar DDR2, kada ka zuba mata kuɗi fiye da na batir da man furosesa. Ram ɗinta ya yi wuya, tana shan wuta, kuma burauzar yau ta fi ƙarfinta. Ta ci gaba da koya wa yara taifin har ranar da ta tsaya.

Idan zuriya ta biyu zuwa ta huɗu ce kuma madabod lafiya, nan ne ƙaramin kuɗi ke yin babban aiki. Sa SSD, wato sabon nau'in ma'ajin bayanai da ke maye gurbin had-dis. Tsohon had-dis yana karanta wajen 100 zuwa 150MB a daƙiƙa, SSD mai SATA yana kai 500, kuma babban bambancin ma shi ne ba shi da allurar da za ta yi ta yawo tana neman fayil. Kwamfutar da ke cin minti uku kafin ta tashi za ta koma ƙasa da rabin minti. 256GB ya wadatar da Windows, Office da CorelDRAW, tsohon had-dis ɗin in yana da lafiya ya zauna a matsayin rumbu. Jona SSD a ramin da aka rubuta SATA0, ka tabbatar BIOS yana kan AHCI, ka zare tsohon had-dis lokacin da kake sa Windows don kada fayilolin tashi su rabu gida biyu. Sabon sawa ya fi kwafe tsohon Windows da dattinsa. Wani amfanin da ya dace da mu: SSD ba shi da abin da ke juyawa, don haka girgiza da ɗaukewar wuta ba sa yi masa irin raunin da suke yi wa had-dis, kodayake fayil ɗin da kake tsakiyar ajiyewa zai iya lalacewa.

Sai ka kai ram 8GB, in aikin zane ne 16GB. Karanta takardar da ke jikin wanda ke ciki: PC2 shi ne DDR2, PC3 DDR3, PC3L mai ƙarancin wuta, PC4 DDR4. Tsagar da ke tsakanin haƙoransu ba wuri ɗaya take ba, wani ba ya shiga ramin wani, kada ka tilasta. Duba harafin ƙarshe: U na kwamfutar tebur ne, kamar PC3-12800U. Mai R na sabar ne, yana yawo a kasuwa da araha, zai shiga ramin amma ba zai tashi ba. Sanda biyu masu girma ɗaya a ramuka masu launi ɗaya sun fi guda ɗaya babba sauri. Kuma in Windows ɗinka mai 32-bit ne, ba zai ga fiye da 3GB da 'yan kai ba ko nawa ka sa, sai an sauya zuwa 64-bit.

Irin wannan kwamfutar, da SSD da 8GB, za ta yi taifin, firintin, sikanin da zane mai sauƙi ba tare da ta ba ka kunya ba. Abin da ban ba da shawara ba shi ne a ci gaba da shiga asusun banki ko riƙe bayanan mutane a kan Windows ɗin da ya daina samun kariya. Wanda aikinsa bai wuce burauza da rubutu ba, Linux Mint kyauta ne kuma yana tafiya sumul a kan waɗannan, amma ya fara tabbatar da firintarsa da manhajojinsa za su yi aiki a kai.

Zuriya ta shida da ta bakwai, SSD da ram sun cancanta, sai dai ka lura wasu, kamar OptiPlex 3040 da 5040, DDR3L suke ci. Ta takwas zuwa sama kuwa, gyara ta ko da fawa-fak ne ko madabod, akwai sauran shekaru a gabanta.

Canjin furosesa ba kasafai yake biyan kuɗinsa ba, sai in daga Pentium, Celeron ko i3 za ka hau i5 a mazauni ɗaya: LGA1155 na zuriya ta biyu da ta uku, LGA1150 na ta huɗu. Ba a ɗora ta takwas a madabod ɗin ta shida ko da yake duka ana kiran mazauninsu LGA1151. Katin hoto kuma, siririn akwati gajeren kati kawai yake ɗauka, kuma fawa-fak ɗinsa bai fi 240 zuwa 255W ba, don haka sai irin GT 1030 da ba ya neman wayar wuta daban.

Ga yadda za ka yi lissafin. Rubuta duk abin da bincikenka ya nuna tana buƙata, ka tambayi farashinsu a shago biyu ko uku a rana ɗaya, domin farashin kayan nan da dala yake tafiya. A wannan zagayen ka tambayi kuɗin ta hannu mai zuriya ta takwas. A ganina, idan gyaran ya kai rabin kuɗin waccan, kuma taka ba ta kai ta takwas ba, canji ya fi. Amma ka ware kuɗin SSD daga wannan awon, tunda shi zai bi ka zuwa kowace kwamfuta ka koma. Kuɗin madabod da fawa-fak na musamman su ne ke mutuwa tare da tsohuwar. Idan abu biyu manya suka lalace tare, musamman bayan wuta mai ƙarfi ta shigo ko tsawa ta bi wayar intanet da damina, kada ka bi ta da gyara, abin da ya ƙona biyu ya taɓa na uku.

Ka sa wuta ma a lissafi. Mai aiki da sola ko inbata, ƙananan nan da ake kira Tiny, Micro ko Mini, masu amfani da caja irin ta laftof mai 65W, za su sa batirinsa ya daɗe fiye da babban akwati sosai, kuma ba su da faɗin da za su tara ƙura mai yawa, kodayake fankarsu ƙarama ce, tana son shara a kai a kai.

In ka yanke shawarar saye

Kada ka karɓi wadda ba a kunna a gabanka ba. Shiga BIOS da kanka ka karanta sunan furosesa da yawan ram, domin sitikar jikin akwati ana iya liƙa ta a ko'ina. Tabbatar babu kalmar sirri a kan BIOS. Rubuta tpm.msc ka ga ko 2.0 ne. Tafi da CrystalDiskInfo a filash ɗinka ka duba awanni da lafiyar ma'ajin. Gwada kowane ramin USB, da na sauti, da na intanet, da DisplayPort, kuma in monitarka VGA kawai gare ta ka sayi mahaɗin tun a nan. A buɗe murfin ka ga cikin da idonka: tsatsa, alamar soda, ko sukurorin da suka sha kwancewa duk labari suke bayarwa. Bar ta ta yi aƙalla minti 20 tana kunna bidiyo kana kallon zafinta. A rubuta maka rasit mai lambar jikin na'urar da kwanakin garanti. SSD ko filash mai arhar da ta wuce hankali, gwada shi da H2testw, akwai na jabu da ke nuna girman da ba su da shi.

Sabuwa ko tsohuwa, kada ta koma kan wutar da ta kashe ta farko. Inda wuta ke yawan zuwa ƙasa-ƙasa a sa sitabilaiza, sannan UPS ko da mai 650VA ne, wanda zai ba ka 'yan mintunan ajiye aiki ka kashe ta yadda ya kamata. Firintar leza ba a jona ta a UPS, jan wutarta ya fi ƙarfinsa. Idan za a tayar da janareta, a bar shi ya daidaita kafin a juya layi, a kuma kashe kwamfuta kafin a kashe shi.

Tsohuwar kuma, zare ram, da fawa-fak in yana da lafiya, da wayoyin SATA, ka adana don gwaji nan gaba. Kafin 'yan jari-bola su ɗauki ragowar, cire had-dis ɗin. Fomatin na sauri ba ya goge komai, kowane yaro mai manhajar dawo da fayil zai iya fito da hotunan fasfo, takardun shaida da lambobin NIN na duk wanda ya taɓa kawo maka aiki. In zai sake amfani, a yi masa cikakken fomatin, wato a cire alamar Quick Format a bar shi ya gama ko zai ɗauki awanni. In ya mutu, a huda faifan da dirila wuri uku ko huɗu kafin ya bar shagon.